Kofi a Kanta, Amana a Wuya

Da safiyar Litinin, 7 ga Agustan 2023, da yawa daga cikinmu mun makara wajen fita aiki saboda wasan da aka buga a birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya, tsakanin matan Najeriya da na Ingila a gasar cin kofin duniya. An yi minti 90 babu ci, aka ƙara rabin awa babu ci. Ingila ta ƙarasa wasan da mutum goma bayan an ba Lauren James jan kati saboda ta taka Michelle Alozie, amma duk da haka aka fitar da mu a bugun fenariti da ci 4 da 2. Wannan duk mun gani, mun yi takaici, mun kama harkokinmu.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, mutum biyun da ke tsaye a bakin fili suna ba da umarni duk ta hanya ɗaya suka biyo, wato filayen jami'o'in Amurka. Randy Waldrum da ke jagorantar Najeriya, a daidai lokacin shi ne kocin ƙungiyar mata ta Jami'ar Pittsburgh, kuma kafin nan ya ci kofin jami'o'i sau biyu da Notre Dame, a 2004 da 2010. Sarina Wiegman mai jagorantar Ingila kuwa 'yar ƙasar Holan ce da ta buga wa Jami'ar North Carolina a 1989, a hannun wani mutum mai suna Anson Dorrance. Lucy Bronze da Alessia Russo, waɗanda suka buga wa Ingila a ranar, su ma ɗalibansa ne. Ita kanta Alozie a jami'o'in Yale da Tennessee ta yi ƙwallonta.

Ashe akwai wasu mutane da ba a cika jin sunansu a gidajen kallon ƙwallo ba, alhali aikin hannunsu muke kallo. Mun san Guardiola, mun san Mourinho, mun kuma san sharaɗin aikinsu: in ka ci ka zauna, in ka faɗi a sallame ka. Babu wanda ya damƙa musu tarbiyyar ɗan kowa. Kocin jami'a kuwa igiya biyu aka riƙa masa. Ana so ya kawo kofi kamar kowane koci, ana kuma kallonsa a matsayin malami, domin waɗanda ke hannunsa ɗalibai ne da iyayensu suka tura neman ilimi. Idan irin wannan mutumin ya ajiye aiki bayan shekara talatin ko arba'in, da wane mudu za mu auna shi? Tambayar ta wuce ƙwallo. Ta shafi duk wanda aka ba yaro aka ce ya mayar da shi mutum, sannan aka ce da sakamako za a yi masa hisabi.

Abin da ke hannun koci

Kafin mu auna mutum, ya kamata mu san abin da aka ba shi ajiya. Hukumar da ke shirya wasannin jami'o'in Amurka ana kiranta NCAA. Ta fara gasar ƙwallon ƙafa ta maza a 1959, ta mata kuma a 1982. Ta matan ta bunƙasa ne albarkacin wata doka ta 1972 da ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, abin da ya sa jami'o'i suka dinga buɗe ƙungiyoyin mata. A yau a babban rukuni kaɗai ƙungiyoyin mata sun haura 300, na maza kuma kimanin 200. Kakar wasan gajeriya ce, daga Agusta zuwa Disamba, kuma ɗalibi kaka huɗu yake da ita. Koci ba ya sayen ɗan wasa, ba ya sayarwa. Yana nemo yaro ɗan shekara 17 ko 18, ya yi aiki da shi, da zarar ya nuna sai ya tafi.

Ƙarfin kocin a wani wuri yake. Karatun jami'a a Amurka yana da tsada ƙwarai, kuma koci ne ke raba tallafin karatu tsakanin 'yan wasansa. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce ƙungiyar maza ba za ta wuce kuɗin tallafin mutum 9.9 ba, ta mata kuma 14, alhali tawagar takan kai kusan mutum talatin. Shi zai zauna ya yanke: wannan a biya masa duka, wancan rabi, wancan kuɗin littattafai kawai, wancan ya nemi na kansa. A jami'o'in da samun gurbi ya fi wuya, sunan da koci ya miƙa wa ofishin ɗaukar ɗalibai ƙofa ce da ke buɗewa inda dubban masu neman shiga suka tarar a rufe. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa kuwa, zamansa a Amurka ma ya rataya ne a kan kasancewarsa ɗalibi.

Ɗan wasan Firimiya yana da dillali, yana da lauya, yana da kuɗi a banki. In ya saɓa da koci sai ya nemi wata ƙungiya. Yarinya 'yar shekara 18 da iyayenta ba za su iya biyan kuɗin makaranta ba, da wuya ta iya kallon idon kocinta ta ce masa a'a. Wannan shi ne ainihin abin da ke hannunsa, kuma da shi za mu riƙa gwada duk ma'aunin da aka kawo mana.

Lissafin kofuna

Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ƙirga. Bob Guelker da Harry Keough kowannensu ya ci kofi 5 da Jami'ar Saint Louis. Jerry Yeagley na Indiana ya ci 6. Bruce Arena na Virginia ya ci 5, huɗu daga ciki a jere, daga 1991 zuwa 1994. Sigi Schmid na UCLA ya ci 3. Dorrance kuwa ya ci kofin NCAA 21 da matan North Carolina, 9 daga ciki a jere daga 1986 zuwa 1994, har akwai lokacin da ƙungiyarsa ta ci wasa 92 ba a tsayar da ita ba, ko da canjaras.

Lissafi yana da daɗi domin ba ya buƙatar mu san mutum, kuma ba ya jawo musu. Ba ma raina shi. Yabon gwani ya zama dole, kuma mutumin da ya ci gaba da cin kofi da tawagar da ke sauyawa kacokan duk bayan shekara huɗu ya nuna gwaninta ta gaske. Arena ya tabbatar da tasa a wani fagen, domin shi ya kai Amurka zagayen 'yan takwas a kofin duniya na 2002. Sai dai akwai tambayoyi uku da lissafi ba ya amsawa, kuma tarihin wannan gasa ya ajiye mana misalin kowace.

Ta farko, wa ke riƙe da littafin da ake rubuta nasara a ciki? A 1971 Jami'ar Howard da ke birnin Washington, ɗaya daga cikin jami'o'in baƙar fata na Amurka, ta doke Saint Louis da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe. Kocinta, Lincoln Phillips, mai tsaron raga ne daga tsibirin Trinidad, 'yan wasansa kuma ɗalibai ne daga Afirka da tsibiran Karebiyan. Wannan ne karo na farko da jami'ar baƙar fata ta kai ga irin wannan kofi. Ba a jima ba hukumar ta binciki takardun 'yan wasan, ta ce wasu ba su cika ƙa'idar shiga gasa ba, ta ƙwace kofin. Phillips ya fito fili ya ce wariyar launin fata ce. Jami'ar ta kai ƙara, kotu ta amince cewa ƙa'idar da aka keɓe wa ɗaliban ƙasashen waje wariya ce, amma ta bar sauran ƙa'idojin yadda suke, kofin bai dawo ba. A 1974 Howard ta dawo, ta buga wasa 19 ta ci 19, ta sake haɗuwa da Saint Louis a cikin garinsu, ta doke ta 2 da 1 a ƙarin lokaci na huɗu, kuma ɗan Najeriya Kenneth Ilodigwe ne ya zura ƙwallon nasara. A littafi, Phillips kofi ɗaya gare shi. A fili sau biyu ya ci. Ba sai mun yanke hukuncin wa ke da gaskiya a wancan rikici ba kafin mu gane cewa lambar da ke gaban sunan mutum ta biyo ta hannun masu alƙalami kafin ta iso gare mu.

Ta biyu, nawa ne rabon sa'a? Clive Charles baƙar fata ne ɗan birnin Landan da ya buga wa West Ham, daga baya ya zauna a Amurka ya riƙe ƙungiyar maza da ta mata a lokaci guda a wata ƙaramar jami'a, Portland. A hannunsa Kasey Keller da Tiffeny Milbrett da Shannon MacMillan suka biyo. Ya shekara fiye da goma sha biyar yana wannan aiki ba kofin ƙasa ko ɗaya. A 2000 likitoci suka gano yana da ciwon daji, bai bar aiki ba. A Disambar 2002 matan Portland suka kai wasan ƙarshe, suka doke Santa Clara 2 da 1 a ƙarin lokaci, Christine Sinclair ta ci duka biyun. A Agustan 2003 ya rasu yana da shekara 51. To mu tambayi kanmu: da ƙwallon Sinclair ta biyu ta bugi turke ta fita, da Charles ya zama wani mutum dabam? Duk abin da ya koyar ya riga ya koyar kafin a hura usur ɗin wasan. Ma'aunin da zai sauya hukuncin rayuwar mutum saboda faɗin turken raga bai kamata mu miƙa masa wuya gaba ɗaya ba.

Ta uku, me aka sayar a bayan fage? A watan Maris na 2019 masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a birnin Boston suka bankaɗo wata badaƙala. Wani mai yi wa iyaye hanyar samun gurbin karatu, Rick Singer, yana karɓar kuɗi daga masu hannu da shuni, yana ba wasu kociyoyi cin hanci su sa sunayen 'ya'yansu a jerin 'yan wasan da ƙungiya ke buƙata. Rudy Meredith, wanda ya shekara fiye da ashirin yana riƙe da matan Yale, ya amsa laifin karɓar dala 400,000 domin shigar da wata ɗaliba da ba ta buga ƙwallon gasa. Jorge Salcedo na UCLA ya yi zaman gidan yari. Ali Khosroshahin, wanda ya ci kofi da matan jami'ar USC a 2007, shi ma ya amsa laifi. Kofin 2007 yana nan a kanta, babu wanda ya taɓa shi, domin a fili aka ci shi. Wadda aka zalunta a wannan ciniki ba mu san sunanta ba. Wata yarinya ce a wani gari da ta shekara goma tana tashi atisaye da sanyin asuba, ta samu wasiƙar ba da haƙuri daga jami'a, ta ɗauka ƙoƙarinta ne bai kai ba. Ita kanta ba ta san an zalunce ta ba, balle ta kai ƙara.

Mutumin da ya ci komai

Waɗannan misalan uku suna da sauƙin hukunci. Mai wuyar shi ne Dorrance. An haife shi a Bombay ta ƙasar Indiya a 1951, ya riƙe matan North Carolina daga 1979 har zuwa Agustan 2024, kuma shi ya jagoranci Amurka ta ci kofin duniya na mata na farko a ƙasar Sin a 1991. Hanyar koyarwarsa ana yi mata laƙabi da tukunyar gasa. Ya ɗauko ta ne daga kallon atisayen Dean Smith, kocin ƙwallon kwando na jami'ar. Duk abin da aka yi a atisaye ana rubutawa, wa ta ci, wa aka ci, wa ta fi gudu, sannan a fitar da jeri daga ta ɗaya har ta ƙarshe kowa ya gani. Hujjarsa ita ce an taso da 'yan mata a kan kada su nuna sun fi ƙawayensu, shi kuma yana so ya ba su izinin yin gasa ba tare da jin kunya ba.

Akwai adalci a cikin wannan. Takarda ba ta san 'yar gidan wane ba, ba ta san wadda koci ya fi so ba. Da yawa daga cikin ɗalibansa sun ce a wannan tukunya suka gano ƙarfin da ba su san suna da shi ba. Amma duk jerin da ke da ta ɗaya yana da ta ƙarshe, kuma ita ma 'yar wani ce.

A 1998 tsofaffin 'yan wasansa biyu suka shigar da ƙara, suna zarginsa da cin zarafi ta hanyar maganganun da suka shafi sirrin rayuwarsu. Ɗaya tauraruwa ce da ta buga wa ƙasa, ɗayar mai tsaron raga ce da yawanci a benci take zama. Ya musanta zargin cin zarafi. An sasanta da ta farko a 2004, ta biyun kuwa sai a 2008, inda jami'ar ta biya ta dala 385,000, shi kuma ya rubuta wasiƙar neman afuwa, ya amince cewa shigarsa cikin hirarrakin 'yan wasa game da alaƙarsu da maza bai dace ba. Bayan nan ya ci gaba da aiki, ya ci gaba da cin kofi.

Yaya za mu haɗa wannan lissafin? Ba za mu ce 21 a debe 2 saura 19 ba, domin ba kuɗi iri ɗaya ba ne. Kofunan sun tabbatar da cewa gwani ne, kuma babu abin da zai goge wannan. Ƙarar kuwa tana magana ne a kan abin da ya yi da ikon da ke hannunsa a kan yaran da ba sa iya tashi su bar masa wurin. Masoyansa sukan so kofunan su rufe bakin ƙarar, masu sukarsa kuma sukan so ƙarar ta cinye kofunan. Dukkansu suna neman lamba ɗaya da za ta hutar da su daga tunani. Mu a ganinmu dole a riƙe duka biyun, a kuma yarda cewa shekara goma da waccan mai tsaron ragar ta yi tana bin shari'a wani ɓangare ne na tarihin aikinsa, daidai da kofi tara a jere.

To, a ƙirga ɗalibai mana

Wani zai ce tun da kofi bai isa ba, a auna malami da ɗalibansa. Wannan ya fi kusa da yadda muka saba tunani, domin mu ma da almajiran malami muke gane darajarsa. Ga Wiegman ta ci kofin nahiyar Turai da Holan a 2017, ta ci da Ingila a 2022 da 2025. Ga Sinclair ta zura wa Kanada ƙwallo 190, fiye da duk wani namiji ko mace a wasannin ƙasa da ƙasa. Wannan ba shaida ba ce?

Shaida ce, amma tana da rauni. Wanda ya yi suna shi ke fara zaɓe a kasuwa. Mia Hamm tana da shekara 15 ta fara buga wa Amurka, shekara biyu kafin ta shiga North Carolina. I. M. Ibrahim, haifaffen birnin Haifa da ya riƙe mazan Jami'ar Clemson daga 1967 zuwa 1994 ya ci kofi a 1984 da 1987, a shekarun 1970 ya ɗaga ƙungiyarsa ne da 'yan wasan da ya ɗebo daga ƙasashen waje, ciki har da 'yan Najeriya irin su Nnamdi Nwokocha da Taiwo Ogunjobi. Wasunsu sun riga sun yi suna a gida kafin su tafi. Wa ya yi wa wani alheri a nan? Su sun kawo ƙwallo, shi ya buɗe musu ƙofar digiri. Ciniki ne da zai iya zama na adalci, zai kuma iya zama na ci da gumin wani, kuma abin da ke raba biyun ba ya bayyana a allon sakamako. Yana bayyana ne a aji, da ranar da yaro ya karye a fili, da ranar da kakarsa ta huɗu ta ƙare.

Ƙirga taurarin ɗalibai shi ma lissafin kofuna ne da ya sauya riga. Ya ɗauki mutum biyar daga cikin ɗaruruwa ya yi shiru a kan sauran, alhali mafi yawan waɗanda suka buga wa jami'a ba sa zama ƙwararrun 'yan wasa. Suna zama malaman makaranta, ma'aikatan jinya, akawu, iyaye.

Kada a ce mun raina nasara

A nan akwai ramin da ya kamata mu kauce wa. Mai karatu zai iya zaton muna cewa kocin kirki shi ne wanda bai damu da ci ba. Wannan kuskure ne. Yaran da suka ba ka shekara huɗu na ƙuruciyarsu suna da hakkin ka shirya su su ci. Kocin da ya ɓuya a bayan kalmar tarbiyya domin ya rufe lalacinsa shi ma ya ci amana, kamar malamin da ke yi wa ɗalibai murmushi duk shekara ya bar su su faɗi jarrabawa.

Yeagley ya isa misali. Ya je Indiana a 1963 a matsayin malamin motsa jiki, ya tarar ƙwallon ƙafa ƙungiyar sa-kai ce ta ɗalibai, ba ta cikin wasannin da jami'a ta ɗauki nauyi. Ya shekara goma a haka kafin a amince da ita a 1973. Ya kai wasan ƙarshe a 1976 da 1978 da 1980, duk San Francisco ta doke shi. Sai a 1982, shekara 19 da zuwansa, ya ci kofin farko, a wasan da suka yi da Duke har ƙarin lokaci na takwas. Mutumin da bai damu da ci ba ba zai jure wannan ba. Amma mutumin da ci kaɗai ya dama shi ma ba zai zauna shekara goman farko ba, lokacin da babu kofin da ƙungiyarsa ke da damar nema. Ya ajiye aiki a 2003 da kofi na shida, mataimakinsa Mike Freitag ya ci a shekarar da ta biyo baya, ɗansa Todd ya ci a 2012. Ginin ya tsaya bayan magini ya sauka.

Ke nan neman nasara yana cikin amanar. Matsalar tana farawa ne ranar da nasara da amfanin yaro suka raba hanya: ɗan wasan gaba yana ɗingishi ga wasan ƙarshe gobe, ko jarrabawa ta faɗo ranar tafiya, ko an ga wani sabon yaro da ya fi wanda aka yi wa alƙawarin tallafi. A irin wannan ranar ce ake gane wanne ne ubangida tsakanin kofi da yaro.

A tambayi benci

Idan haka ne, wa za mu tambaya? A ganinmu a tambayi wanda kocin bai da wata riba a wajensa. Kyautata wa tauraro ba ya nuna halin mutum, domin kowa yana lallashin kazar da ke yi masa ƙwai. Halin yana fitowa ne a wajen mai tsaron raga na uku, da yarinyar da gwiwarta ta lalace a shekarar farko, da yaron da aka ɗauko daga nesa aka ga bai kai yadda aka zata ba. Ya kammala karatunsa? Tallafinsa ya ci gaba bayan ya ji rauni? An gaya masa gaskiya da wuri cewa ƙwallo ba za ta ciyar da shi ba, ya riƙe littafi? In an yi masa abin da bai so ba, yana da inda zai kai kuka ba tare da ya rasa komai ba?

Mun san wannan ma'aunin yana da wahala. Ba a buga shi a jarida, ba a rataya shi a bango, kuma sau da yawa sai bayan shekara ashirin amsar ke fitowa. Amma dama haka amana take. Abu ne da ake riƙewa a lokacin da mai shi ba ya kallo, kuma ba shi da ƙarfin da zai tilasta a mayar masa. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mai horar da yara ma ba a gama yabonsa ranar ɗaga kofi, sai an ga yadda waɗanda suka zauna a benci ranar suka ƙare.

Ba sai mun je Amurka ba kafin wannan magana ta same mu. Muna zaɓar wa 'ya'yanmu makaranta da yawan waɗanda suka ci WAEC, ba ma tambayar yaran da aka hana zama jarrabawar domin kada su ɓata wa makaranta sakamako. Muna yabon maigida a kasuwa da yaron shagonsa guda ɗaya da ya zama attajiri, ba ma tambayar goman da suka yi masa shekaru suka fita hannu rabbana. A unguwanninmu akwai masu tara yara a filin ƙasa suna horar da su da kuɗin aljihunsu, akwai kuma masu karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin Turai, kuma dukkansu hoton yaro guda da ya tsallake suke nuna mana.

Duk ranar da za mu damƙa yaro a hannun wani, koci ne ko malami ko maigida, babu laifi mu dubi kofunan da ke kan kantarsa, domin suna gaya mana ko ya iya aikin. Bayan nan sai mu nemi mutum ɗaya da ya biyo ta hannunsa bai yi suna ba, mu zauna da shi, mu tambaye shi ko zai kai nasa ɗan wajen mutumin.